Zuwa da Dawowa da Caji Ɗaya

Mun tashi daga Gadarif ana idar da sallar asuba, ni da kawuna, a cikin 'yar farar motarsa mai aiki da lantarki. Da yawanku kun ga hoton da na sa ranar, har wasu suna tambaya ko yawon shan iska muka fita tunda kaka ta yi. Ba yawo ba ne. Gwaji muka je yi wa motar, kuma abin da ya rataya a kan gwajin shi ne inda mahaifiyata za ta zauna daga watan gobe.

Bari in warware muku. Inna tana ƙauyenmu, kafin a kai Doka, a hanyar da masu zuwa Basunda suke bi. Likita ya ce dole a fara yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako, a nan cikin gari. Gidan Kawu a cike yake maƙil da 'yan uwan da yaƙi ya koro daga Khartum da Madani, har rumfar tsakar gida akwai masu kwana. Saura gidana, wato gidan surukinta. Duk wanda ya san tsofaffin matan gidanmu ya san abin da wannan ke nufi. Shekara goma sha ɗaya da aurena, Inna ba ta taɓa ko kurɓar ruwa a gaban mijina ba. In ya je gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Ta ce ita da ta tare a gidan suruki gara ciwon ya yi abin da zai yi.

Nan Kawu ya kawo mafita. Ya ce ya ba 'yar'uwarsa motarsa kyauta, ƙanena da ke noma a ƙauyen ya riƙa kawo ta yana mayarwa. Fetur dai kun san yadda yake a wajenmu, in ka samu yau ba ka san gobe ba, motar haya kuwa sai ranar kasuwa take leƙa ƙauyen. Ita wannan da solar rijiyar ƙauye za a riƙa cika ta, kwana biyu ta cika. Matsalar guda ce: wutar gari ba ta da alƙawari, kuma motar yini da kwana take so kafin ta ƙoshi, ba wanda zai dogara da cewa za a ƙara mata caji a asibiti. Dole ta je ta dawo da cikin da ta fita da shi. Inna da kanta ta yanke hukunci. Ta ce mu gwada. In motar ta je ta dawo, kowa ya rufe bakinsa ya bar ta a ɗakinta. In ta kasa, za ta bi ni.

Ni malamar lissafi ce, kuma ina da wani hali da ɗalibaina suka tsana, ba na yarda da amsa sai na ga yadda aka yi aka samo ta. Shekara huɗu ke nan da Kawu ya shigo da motar nan ta Port Sudan, ta hannu, kuma shekara huɗu ke nan yana ba mu labarin ranar da ya je har garin Fau mai nisa da ita ya isa da kusan rabin caji. Labarin gaskiya ne, na yarda. Abin da nake so in sani shi ne ko motar da ta je Fau ita ce wannan da muke ciki. Saboda haka na shiga da biro da 'yar takarda. Allon gaban direba ya nuna caji ɗari bisa ɗari, ya kuma yi mana alƙawarin kilomita ɗari biyu da arba'in. Ƙauyenmu kilomita saba'in da huɗu ne, zuwa da dawowa ɗari da arba'in da takwas. Kawu ya ɗan buga sitiyari da tafin hannu ya ce, “Kin gani, ya Ustaza? Har da na sadaka.”

Fita daga Gadarif da sassafe yana da daɗinsa. Mun wuce masu toya zalabiya, ƙosan fulawar nan, suna hura wuta, da kekunan jakai ɗauke da gangunan ruwa, da manyan motoci jere a bakin kasuwar amfanin gona, direbobinsu na alwala a gindin taya. Motar Kawu ba ta da ƙara ko kaɗan, sai wani ɗan zuu kamar na firji, shi ya sa awakin gari ba sa daraja ta. Sau biyu ya leƙa ta taga yana kora su da baki. A shingen binciken da ke bakin gari ba takardunmu suka dami samarin ba, inji suke so su gani. Kawu ya fita da fara'arsa ya buɗe musu gaban mota, suka taru suna leƙe. Ɗaya ya zagaya baya ya tsuguna yana neman inda hayaƙi ke fita, ya daɗe kafin ya haƙura.

Daga nan sai kwalta da gonaki. Wanda bai taɓa ganin ƙasar Gadarif da kaka ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Dawa ce iya ganinka, kawunanta sun fara ja. Inda babu dawa riɗi ne, an yanke an jingina damma-damma a tsaye, 'yan jangu masu aikin yanka sun riga rana shiga gona saboda riɗi ba ya jiran kowa, in ya bushe a kara zubewa yake. Makiyaya sun fara gangarowa kudu da raƙumansu. Iska na shigowa ta taga da sanyinta da ƙanshin ciyawa, Kawu yana bin wani yabon Annabi a hankali. Ni kuwa idona na kan allo. Da muka ci kilomita talatin na duba, alƙawarin ɗari biyu da arba'in ya koma ɗari da saba'in da biyar. Talatin muka yi, ita ta cire sittin da biyar. Na faɗa wa Kawu. Ya ce haka take yi da safe, ba ta gama wartsakewa ba.

Jim kaɗan muka hango wani mutum a bakin hanya, mai furfura a gemu, da kwali a gabansa. Kawu ya fara rage gudu. Na ce, “Kawu, gwaji fa muke yi.” Ya dube ni kamar na zagi wani babba. A ƙasar nan akwai abin da ake kira fadlu zahar, wato in kana da gurbi a abin hawanka ba ka wuce mai tafiya a ƙasa. Ba a tambayar kuɗi, ba a tambayar dangi. Ya tsaya ya ce, “Itfaddal,” wato bismillah, mutumin ya shiga baya ya rungume kwalinsa.

Allah ne ya kawo mana shi, ko da yake Kawu ba zai ce haka ba. Mutumin Bahri ne, can Khartum, shekara ashirin yana aikin baturan da ke riƙe da turakun waya, yaƙi ya jefo shi Gadarif, yanzu yana bin manyan gonaki yana haɗa wa rijiyoyi sola. Tun kafin ya gama gaisuwa idonsa ya sauka a kan allon. Ya tambayi shekarun motar, ya tambayi nisan da muka yi. Kawu ya riga shi, ya ce ai nauyi ne ya ƙaru shi ya sa take saurin sauka. Mutumin ya yi dariya ya ce, “La, ya Hajj, kada ka ɗora mini. Ni da kwalin nan ba mu kai buhun dawa ba. Gudu da zafi da mukayyif, na'urar sanyin nan, su ne masu ci. Amma faɗa mini, yaya kake ajiye ta?”

Ai kuwa an taɓo wa Kawu inda yake so. Ya gyara zama. “Wallahi motar nan ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Da wutar kahraba ta zo, kafin a sa wayar kowa ita ake fara sa wa. Ko tana tis'in sai na cika ta miya bil miya, ɗari bisa ɗari. In wuta ta yi kwana uku tana nan, kwana uku tana jone. Kuma ƙura ba ta taɓa ta, mushamma na saya mata, tampol baƙi mai kauri, kullum a lulluɓe take a tsakar gida.”

“A rana?”

“To ina inuwa? Rumfar mutane ke ciki.”

Mutumin ya kama gemunsa. “Ya Hajj, ma'alesh, ka yi haƙuri. Karamcinka ne ya tsufar da ita.”

Na juya gaba ɗaya ina kallonsa, don irin wannan bayani nake nema tun shekaru. Ya ce kowane batir yana raguwa da shekaru, ko da a cikin auduga aka ajiye shi. Amma abu biyu ne ke gaggauta masa: zafi, da zama a cike tam na tsawon lokaci. Kawu ya haɗa mata duka biyun, ya kuma rufe da baƙin tampol don kada zafin ya samu hanyar fita. Na ce to ai allon ɗari bisa ɗari ya nuna da muka fito. Ya ce, “Ya Ustaza, allon bai yi ƙarya ba. Malwa ce, mudun awo, ta ƙanƙance. In aka rage girman mudu aka cika shi har baki, a cike yake, amma hatsin ba ɗaya ba ne.” Adadin kilomitan da take nunawa da safe kuwa, ya ce, buri ne kawai, sai an hau hanya take gyara bakinta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne duk cikinmu ba wanda zai ga laifin Kawu. Tun da aka fara yaƙin nan haka muka koya. Wuta na zuwa, ko tsakiyar cin abinci ne, kowa zai zabura ya jona waya da fitila da duk abin da ke da igiya, kuma ba mai cirewa sai ya cika. Barin abu a tamanin alhali ga wuta, ai sai a ce ba ka da hankali. Ni kaina haka nake yi wa wayata, ga shi yanzu ba ta kai la'asar.

Muka ci gaba da tafiya. Can Kawu ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko abin da ya tafi yana dawowa. Mutumin ya ce ba ya dawowa. Abin da ya rage dai ana iya lallaɓa shi: a nema mata inuwa, a daina cika ta sai ranar tafiya, kada kuma a bar ta ta kwana caji a ƙare. Sabon batir kuwa, in ma an same shi an shigo da shi, kuɗinsa ya kusa sayen wata motar. Da za mu sauke shi a wata mararraba ya leƙo ta tagata ya ce, “Abu ɗaya. In ta sauka ƙasa da ashirin kada ku yarda da ita. Tsohon batir ba a hankali yake ƙarewa ba, faɗuwa yake.”

Mun sha jabana, wato gahawa, a mararrabar, a rumfar wata mai shayi. Kofin nan mai citta da ke kama maƙogwaro, da zalabiya mai zafi. Abin da muka biya, bara waccan ya ishi mutum biyu karin kumallo har da ƙwai. Mai shayin ta tambayi Kawu ko gaskiya ne motar ba ta shan komai sai rana. A da wannan tambaya kan ci masa rabin sa'a. Ranar cewa kawai ya yi, “Haka ake faɗa.” Sai na ji tausayinsa ya kama ni, har na yi da-na-sanin yawan tambayoyina.

Kilomita goma sha biyun ƙarshe ba kwalta. Baƙar ƙasar nan tamu ce, wadda da damina take riƙe taya kamar ta biya kuɗinta, da kaka kuma ta bushe ta tsattsage, sawun taraktoci ya zama kwari. Kawu yana hawa kan tudun sawun yana lallaɓawa don kada cikin motar ya daki ƙasa, tunda batirin a ƙarƙashi yake. Mun tsallake wani busasshen rafi, muka ratsa ta cikin itatuwan talha masu jan jiki, sai ga kawunan bukkokin ƙauyenmu. Allon ya nuna hamsin da uku. Fuskar Kawu ta washe nan take. “Fiye da rabi! Rubuta, ya Ustaza, rubuta da babban baƙi. Ina mai gemun nan yake?”

Mun tarar da Inna a gindin rumfarta tana yanka kuɓewar da za ta shanya. Ƙafafunta sun kumbura fiye da yadda na bar su, amma tsakar gidan a share yake tas. Mahaifinta ne ya kafa gidan, lokacin da ya taso daga yamma a ƙasa zai je hajji, ya tsaya noman shekara ɗaya don ya samu guzuri, shekarar ta zama rayuwa. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, kabarin Baba yana bayan gari inda take iya hango itacen da ke kansa. Ta dogara sanda ta fito ta zagaya motar sau ɗaya. Ta ce ita ba ta ji zuwanmu ba, wace irin aba ce wannan da ke shiga gidan mutane ba sallama.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ta ƙanena take bi. “Ka ce wa waccan ta zauna ta ci abinci, ta ajiye takardar nan.” Aka kawo asida, tuwonmu na nan, da miyar busasshiyar kuɓewa da man shanu, da kisra, wainar dawa mai faɗi, mai laushi irin wadda ba a samu a gari. Na ci har na ji kunya. Kawu yana ci yana ba ta labarin hamsin da uku. Ba ta ɗago ba, amma na ga yadda hannunta ya saki a kan wuƙar.

A nan ne na ɓata wa kowa rai. Na ce wannan rabin gwajin bai cika ba. Da sanyin safiya muka zo, tagogi a buɗe. Ita kuwa Inna, ranar wanki, da tsakar rana za a fito da ita daga asibiti, jiki ba ƙarfi, ba za ta iya zama cikin mota mai zafi ba, ba kuma za a buɗe mata taga ƙura ta cika ta ba. Saboda haka sai an yi azahar za mu koma, da na'urar sanyi a kunne, da gudun da mai ɗauke da marar lafiya zai yi. Ƙanena ya ce to tunda muna da sa'o'i uku, bari ya ja motar bakin rijiya a ɗan jona ta. Na ce ko minti ɗaya. Kawu ya ajiye lomar da ya ɗauka ya ce, “Ke wai tsakaninki da Allah so kike ta ci ko ta faɗi?” Maganar ta soke ni. Na ce so nake in sani. Inna ta ce wa ƙanena, “Ka ce musu a yi yadda waccan ta ce. Tun tana ƙarama ba a yi mata wayo a rabon nama.”

Bayan azahar muka kama hanya, da ƙullin riɗi da na kuɓewa da kaza ɗaya a ɗaure, don ba a barin gidan Inna hannu sake. Rana ta buɗe sosai. Na kunna na'urar sanyi da hannuna. Kafin mu hau kwalta, hamsin da uku ta koma arba'in da biyu. Iska kuma ta juyo tana dukan gabanmu. Manyan motoci masu kai kaya kan iyaka suna wuce mu suna girgiza mu. Ba yabo yanzu, ba hira, sai kazar da ke ƙorafi a baya. Ina rubuta lamba duk bayan kilomita goma, ina lissafi a gefe, kuma lissafin yana fita a kan gaɓa: in ta ci gaba da sauka yadda take yi, za mu shiga gari da uku ko huɗu. Na fara sa rai.

Da muka zo mararrabar da muka sha jabana, allon na nuna talatin da ɗaya. Kawu ya rage gudu. Akwai wani shago a wurin mai faifan sola a kan rufi, inda ake cajin waya. Bai dube ni ba ya ce, “Sa'a ɗaya kawai. Mu sha shayi, a ɗan sa mata. Ba sai kowa ya ji ba.”

Ba zan ɓoye muku ba, na so in ce to. Na tuna rumfar Inna, da awakinta, da maƙwabtan da ke shigowa ba sallama su zauna. Na tuna ta a gidana, tana laɓe a ɗaki tana jiran mijina ya fita kafin ta fito alwala. Wace 'ya ce ke son ganin uwarta haka? Amma na ce, “Kawu, ranar da za ta tsaya a hanyar nan, ba ni ce a kujerar baya ba.” Ya daɗe yana kallon shagon. Sannan ya taka mota muka wuce.

Ashirin da biyu. Ashirin. Sha tara. Muna hango duwatsun Gadarif can gaba, shuɗi-shuɗi. Na fara cewa a raina mai gemun nan ya cika tsoratarwa. Sai sha tara ta zama sha huɗu a gaban idona, ba sha takwas, ba sha bakwai. Wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a allon, da hoton kunkuru. Wallahi kunkuru, da ƙafafunsa da komai. Duk halin da muke ciki sai da dariya ta kuɓuce mini, na ce ko waye ya zana wannan ya san aikinsa. Motar ta rage gudu da kanta, Kawu na taka ta ba ta amsawa. Ya kai hannu zai kashe na'urar sanyi, ya dube ni, ya janye hannun. Sha huɗu ta zama shida. Keken jaki ya fara yi mana barazanar wucewa. Daga shida ba ta tsaya ko'ina ba. Kawu ya samu ya gangara gefen hanya, ta yi shiru, irin shirun da ya bambanta da nata na kullum.

Na duba ma'aunin tafiya. Ɗari da talatin da tara. Saura tara. Ga babban rumbun hatsin gari muna gani da idonmu. Kawu ya fita ya tsaya a gaban motar, ya ɗora hannu a kanta ya daɗe. Ban fita ba, na bar shi. Da ya dawo cewa ya yi, “Da na sani da na kwana a rana na ba ta rumfar.” Na ce ba wanda ya sani, Kawu. Ni ma da ake kira Ustaza yau na ji.

Wanda ya cece mu babur ne. 'Yan uwana na Najeriya da Nijar, kada ku ɗauka mai ƙafa biyu, a nan tarakta muke ce wa babur. Yana dawowa daga gona da 'yan jangu cike a bayansa. Direban ya tsaya tun kafin mu ɗaga hannu, ya fito da igiya, bai tambayi komai ba sai unguwar da za mu. Haka muka shiga Gadarif da la'asar sakaliya, a hankali kamar masu rakiyar amarya, leburori na yi mana waƙa daga sama, samarin shingen da suka nemi inji da safe suna ɗaga mana hannu suna dariya. A ƙofar gidan Kawu aka kwance mu. Wuta kuwa, kamar da gangan, tana nan. Wani daga cikin 'yan gidan ya ɗauko igiyar caji da tampol yadda aka saba. Kawu ya karɓi igiyar, ya ce a mayar da tampol ɗin ciki.

Ga masu irin wannan mota, ko masu shirin sayen ta hannu, abin da na koyo ke nan. Kada ku tambayi mai ita inda ta taɓa zuwa, ku tambaye shi inda take kwana. Kada ku yarda da lambar da allo ke nunawa a ƙofar gida. Ku hau hanyar da za ku riƙa bi, a lokacin da za ku riƙa binta, da sanyin da za ku kunna, ku kai ta har ƙarshe sau ɗaya ranar da ba ku ɗauke da kowa. Motar Kawu ba ta mutu ba. Za ta yi shekaru tana kai yara makaranta da mata kasuwa. Tara kawai ta gaza, kuma badi abin da za ta gaza ya fi tara.

Bayan magariba muka kira wayar ƙanena. Na ce Kawu ya yi maganar, ni ba zan iya ba. Ya buɗe muryar wayar muna ji tare. Aka kai wa Inna. Suka gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi ko kazar ta isa da rai. Kawu ya yi ta kewaye-kewaye, iska, rana, manyan motoci. Ta katse shi.

“Ta kai ko ba ta kai ba?”

“Saura kaɗan, Yaya. Wallahi muna ganin gari.”

“Ba ta kai ba ke nan.”

Ina jin kukan awakinta ta cikin wayar, da muryar wata maƙwabciya tana tambayar aron rariya.

“Zuwa ɗaya fa?” in ji ta. “Tana iya zuwa ɗaya?”

“Tana iyawa.”

“To, halas, shi ke nan. Ku zo ranar Alhamis, ku kwana, a cika ta. Mu fita da duhun asuba, kafin mutane su buɗe ƙofa. Ba na son a raka ni.”

Ta miƙa wa ƙanena wayar. Na koma gida na tarar da mijina a tsakar gida yana jiran labari. Na wuce ɗakin da ke kusa da ƙofar baya na fara kwashe littattafaina. Can sai ga shi ya shigo da kwali, ya durƙusa yana taya ni.